Farautar Ido: Nazari a Kan Yawon Neman Tsuntsaye a Tsibiran Sao Tome da Principe

A kudu da gaɓar tekun Nijeriya, cikin Mashigin Gini, akwai ƙasar Sao Tome da Principe, tsibirai biyu da faɗinsu gaba ɗaya yake kusan murabba'in kilomita 1,000. Mu nan mun fi jin sunanta a zancen man fetur, tun yarjejeniyar 2001 da ta ƙulla da Nijeriya kan ruwan da ke tsakaninsu. Sai dai akwai wasu baƙi da ke sauka a ƙasar rataye da madubin hangen nesa da kyamara, ga ɗan littafi a aljihu, kuma ba ruwansu da mai. Tsuntsaye suka zo nema, nau'i kusan 28 waɗanda Allah bai ajiye su a ko'ina cikin duniya ba sai a waɗannan tsibirai.

Dalilin wannan baiwa yana cikin asalin wurin. Aman wutar dutse ne ya ɗago tsibiran daga ƙarƙashin teku, ba su taɓa haɗuwa da babban yankin Afirka ba. Duk tsuntsun da ke can, kakanninsa tsallako ruwa suka yi, suka yanke da danginsu, zuriyarsu ta yi ta sauya kama har ta zama iri na daban. Wasu sun ƙara girma, wasu sun tsuke. Kanari mafi girma a duniya a dajin Sao Tome yake, ga kuma wani ɗan ƙaramin jinjimi da mutanen wurin ke kira galinhola, wanda saura ƙiris ya ƙare.

Al'adar masu wannan yawo a kan lissafi ta ginu. Kowannensu yana da jerin sunayen tsuntsayen da ya taɓa gani da idonsa, kuma darajarsa a cikin 'yan'uwansa tana ƙaruwa gwargwadon tsawon jerin. Shi ya sa tsuntsun tsibiri yake da tsada a wurinsu. Balbela ko shamuwa, mutum zai iya cin karo da ita a ƙasashe da dama, amma galinhola sai ka biya jirgi, ka hau mota zuwa kudancin tsibirin, ka taka cikin taɓo, ka kwana a tanti a dajin da ruwan sama ke iya kai milimita 7,000 a shekara. Yawanci sukan zo tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da ruwa yake ɗan tsagaitawa.

A ganina wannan lissafi shi ne ƙarfin al'adar, kuma a cikinsa cutarta take. Amfaninsa a fili yake. Mutumin da ya ƙudura sai ya ga abu yakan kutsa inda wani ba zai kutsa ba, ya rubuta rana da wuri, masana su ɗauki bayanin su yi aiki da shi. Babban kanarin nan misali ne. Wani Baturen Fotugal mai suna Francisco Newton ya samo guda uku tsakanin 1888 da 1890, biyu daga ciki suka ƙone a gobarar gidan tarihi ta Lisbon a 1978, kuma shekara ɗari babu masanin da ya sake sa shi a ido sai a 1991, da masu naci suka shiga ƙuryar dajin kudu. Da babu irin wannan naci, da an daɗe da share sunansa daga cikin masu rai.

Cutar kuwa ita ce gaggawa. Baƙon da ya biya kuɗin kwana goma yana so ya cike jerinsa kafin jirgi ya tashi, sai a ɗauko lasifika a kunna kukan tsuntsun da aka naɗa. Namijin da ke tsaron sheƙarsa ya ɗauka abokin hamayya ne ya shigo masa, ya bar abin da yake yi ya fito faɗa. A yi wa tsuntsun da ya cika daji haka sau ɗaya, da sauƙi. A yi ta maimaita wa wanda 'yan ɗaruruwa suka rage, a kan hanya ɗaya, ayari bayan ayari, wannan zalunci ne ko da an kira shi ƙauna. Akwai kuma wani abin da ya fi damuna. Hoton yakan fita da sunan mai kyamara, kuɗi mai tsoka yakan tsaya a hannun kamfanin yawon buɗe ido da ke Turai, shi kuwa ɗan jagoran da ya ji motsin ganye ya nuna da yatsa, galibi ladansa na yini ne kawai.

Labarin mujiyar Principe ya nuna yadda ya kamata lamarin ya kasance. Shekara da shekaru mutanen tsibirin suna cewa akwai wata ƙaramar mujiya a dajin kudu, mai gajeren kuka da take maimaitawa kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Cikin masu faɗin haka har da Ceciliano do Bom Jesus, wanda aka fi sani da Bikegila, mutumin da a da sana'arsa hawa itace ce yana ɗebo 'ya'yan aku daga kogo don sayarwa. Da ya bar wannan sana'a ya koma aikin gadin daji, shi ne ya yi ta jagorantar masana, ciki har da Martim Melo, har aka ɗauki hoton mujiyar a 2016. A 2022 aka tabbatar sabon nau'i ce, aka raɗa mata Otus bikegila don girmama shi. Duk duniyar wannan mujiya ba ta wuce murabba'in kilomita 15 ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan karon an bai wa mai ɗakin haƙƙinsa.

Kada kuma a ɗora wa yawon kallo nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ɓarnar dajin ta girme shi da ƙarnuka. Turawan Fotugal sun iso wajen 1470 suka tarar babu kowa, suka share ƙasa suka dasa rake da ƙarfin bayi, daga baya gahawa da koko, har tsibiran suka shiga sahun gaba wajen noman koko a farkon ƙarni na 20. Tare da mutane ɓeraye da birai da aladu suka shigo, suna cin ƙwai da 'ya'yan tsuntsayen da ba su san maƙiyi ba. Haka aka yi wa tsuntsun dodo a tsibirin Morishus har ya ɓace a ƙarni na 17. Ƙasar ta sami 'yanci a 1975, an kafa gandun dajin Obo a 2006, hukumar UNESCO ta sanya Principe cikin wuraren da take karewa a 2012, amma gonakin kwakwar manja suna daf da dajin galinhola, kuma maharbi mai iyali ba zai ajiye bindiga don baƙi ashirin sun zo a shekara ba, sai ya ga abin da ya shiga tukunyarsa.

Mu ma muna da namu rabon a wannan magana. A duwatsun Jos akwai ɗan jan tsuntsun da sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin nau'i na daban, kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum tana horar da 'yan Afirka su riƙa yin binciken da kansu. Wannan ita ce hanyar da nake ganin za ta ɗore.

Hukuncina a kan al'adar shi ne tana da alheri, amma da sharaɗi. Duk wanda zai je Sao Tome neman tsuntsu, ya ɗauki ɗan jagora ɗan ƙasa, ya biya shi hannu da hannu, ya ambaci sunansa a rahotonsa, ya kashe lasifika idan ya iso dajin galinhola ko na mujiyar Bikegila, ko da hakan zai sa ya koma gida jerinsa bai cika ba.