Wa ke da muryar faifai? Aikin furodusa a waƙoƙin Mdou Moctar

Kalmar Ingilishi « producer », wadda Kanawa suka mayar furodusa, tana ɗauke da aiki biyu: zuba kuɗi da tsara sauti. Muna ganin na biyun ya fi nauyi, domin shi ke yanke yadda duniya za ta ji mawaƙi.

Mu ɗauki misalin Mdou Moctar, mai kaɗa gita daga arewacin jihar Tawa. A 2008 ya ɗauki faifansa Anar a Sakkwato, da harshen Tamajak, amma da gangar na'ura da muryar Auto-Tune irin ta finafinan Hausa. Wannan sautin ne matasa suka yaɗa daga salula zuwa salula. Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, ya sa waƙar Tahoultine cikin tarin da ya fitar a 2011. Amma faifan Afelan na 2013, wanda aka ɗauka a Cintabaraden, ya zo da gita da tafi, babu lanƙwasar na'ura.

Ba mu musun cewa Afelan aiki ne mai kyau, kuma Kirkley ya sake buga Anar a 2014. Sai dai zaɓin ya dace da kunnen Turawa mai neman « hamada tsantsa », har gudummawar ɗakin ɗaukar sauti na Sakkwato ta koma gefe. Saboda haka mai nazarin waƙar Adar ya kamata ya fara da tambaya: wa ya ɗauka, a ina, kuma don kunnen wa?