Yadda Kennedy da Hatch suka yi cinikin inshorar lafiyar yara

A 1994 babban shirin Shugaba Bill Clinton na gyara tsarin kiwon lafiyar Amurka ya mutu a majalisa, ko ƙuri'a ba a kaɗa a kansa ba. Bayan shekara uku, alhali jam'iyyar Republican ce ke riƙe da majalisun biyu, sai ga dokar inshorar lafiyar yara ta wuce. Sanatoci biyu ne suka ja ragamarta: Edward Kennedy na Massachusetts, ɗan Democrat na gani kashe ni, da Orrin Hatch na Utah, mai ra'ayin mazan jiya.

Gwanintar Kennedy ta fara ne daga rage buri. Ya bar maganar inshora ga kowa da kowa, ya tsaya kan yara kimanin miliyan 10 da ba su da ita. Da yawansu iyayensu na aiki, samunsu ya ɗan wuce a sa su cikin shirin Medicaid na talakawa, amma bai kai su sayi inshora da kansu ba. Wane ɗan siyasa ne zai miƙe ya ce yana adawa da kai yaro asibiti?

Sai batun kuɗi, inda irin waɗannan dokoki suka saba maƙalewa. 'Yan Republican ba sa son jin ƙarin haraji. Amma Hatch mabiyin ɗarikar Mormon ne, wadda ta hana shan taba, haka ma akasarin masu zaɓensa. Sai suka ɗora harajin a kan sigari: ƙarin santi 43 a kowane kwali. Daga dala biliyan 30 da suka yi lissafin samu, suka ware biliyan 10 don rage giɓin kasafin kuɗi, abin da Hatch zai iya komawa gida ya yi tutiya da shi. Kennedy kuma ya haɗiye abin da ba ya so: gwamnatin tarayya ta ba jihohi kuɗin, kowace jiha ta tsara shirinta. Aikin dillalin kara ke nan, mai saye da mai sayarwa duk su tafi suna ganin sun ci riba.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsu. A watan Mayun 1997 majalisar dattawa ta yi watsi da shawararsu da ƙuri'a 55 da 45, kuma Clinton da kansa ya sa hannu wajen kayar da ita, don kada yarjejeniyarsa ta kasafin kuɗi da 'yan Republican ta wargaje. Wani da ya yi fushi ya watsar. Su kuwa suka koma ta Kwamitin Kuɗi, inda Hatch yake da kujera, suka yarda a rage musu. A ƙarshe ƙarin harajin ya tsaya a santi 15, shirin ya samu dala biliyan 24 na shekara biyar, Clinton ya rattaba hannu ranar 5 ga Agusta, 1997.

A 2010 dokar lafiya ta Obama ta wuce ba tare da ƙuri'ar ɗan Republican ko ɗaya ba, aka shafe shekaru ana neman soke ta. Shirin yaran kuwa, wato CHIP, majalisar da ke hannun Republican ce ta sake tsawaita shi a 2018, lokacin Hatch yana shugabantar Kwamitin Kuɗi.