Hausar Littafi Mai Tsarki Na 1932: Ƙarfinta Da Rauninta

Cikin littattafan da aka buga da Hausa a zamanin Turawa, da wuya a sami wanda ya shiga hannun jama'a masu yawa kamar Littafi Mai Tsarki na Kirista, wanda aka gama fassararsa aka buga cikin 1932. Musulmin da ke zaune a gindin Dala ba littafin addininsa ba ne, wataƙila ma bai taɓa buɗe shi ba. Duk da haka ya kamata ya san labarinsa, gama da harshensa aka rubuta shi, kuma maƙwabtansa na Sabon Gari suna karanta shi ko wanda ya gaje shi kowace Lahadi. Abin da za a duba a nan shi ne aikin masu fassara, watau inda suka dace da inda suka gaza. Maganar gaskiyar addini kuwa, kowa da malamansa.

Aikin ya daɗe ana yinsa kafin ya kammala. Wani Bajamushe mai suna Schön ya fara juya sassan littafin da Hausa tun wajen 1857, da taimakon Dorugu, yaron ƙasar Damagaram wanda Barth ya tafi da shi Turai. Dorugu ya komo ƙasar Hausa, ya yi aiki tare da Ɗan Hausa a makarantar Nasarawa, ya rasu a Kano cikin 1912. Cikin 1900 kuma Bishop Tugwell ya iso Kano da 'yan Mishan huɗu, har da Likita Mila. Sarkin Kano Alu ya ƙi yarda su zauna, ya sallame su cikin 'yan kwanaki, ɗayansu ya mutu a Girku. Mila ya zauna a birnin Zariya daga 1905, shi ne kuwa ya ɗauki mafi nauyin aikin fassarar, tare da waɗansu irin su Likita Stirrett na Mishan ɗin S.I.M.

Abu na fari da ya kamata a yaba shi ne haɗin kai. 'Yan Mishan da suka shigo Arewa ba bakinsu ɗaya ba. Akwai C.M.S. na Ingila, da S.I.M., da S.U.M. wadda ita kanta rassa ce daga ƙasashe dabam dabam. Sun saɓa a kan baftisma, waɗansu suna yi wa jarirai, waɗansu sai wanda ya girma ya furta da bakinsa. Sun saɓa a kan mulkin ikilisiya. Amma tun taron da suka yi a Lokoja cikin 1910 suka ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, suka shirya aiki tare. Burinsu na kafa ikilisiya ɗaya tak bai cika ba. E.C.W.A. ta tsaya da ƙafarta cikin 1954, ikilisiyoyin S.U.M. suka kafa tarayyarsu cikin 1955, wadda yanzu ake kira TEKAN. A Kudu ma shirin haɗe Angilikan da Metodis da Firesbiteriyan ya rushe cikin 1965 ana gab da ƙulla shi. Littafin kuwa ya zama na kowa. Mutumin Langtang da na Kagoro da na Numan, kowa da harshen gidansu, in sun zo Kano neman abinci sai su zauna a benci guda su buɗe shafi guda. Ta wannan hanya Hausa ta shiga ƙauyukan da fataken Kano ba su kai ta ba.

Abu na biyu shi ne zaɓen kalmomi. Mai fassara ya tarar da harshen da Musulunci ya daɗe yana rainonsa, kalmomin ibada duk suna nan a shirye: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, azumi, sadaka. Masu fassara suka ɗauke su yadda suke, wannan kuwa daidai ne, don da sun ƙago waɗansu da ba mai ganewa. Amma da suka zo kan sunaye sai suka raba hanya biyu. Sun bar Ibrahim da Musa da Yusufu kamar yadda Bakano ya san su, sa'an nan suka sa Yesu Kristi inda Musulmi ke cewa Isa Almasihu, suka sa Yohanna a gurbin Yahaya, da Yunana a gurbin Yunusa. Mai sauraro a Kasuwar Kurmi zai ji rabin sunayen na gida, rabi kuwa baƙi. Waɗanda suka sake fassarar cikin 1979 sun ga wannan, suka komo da Almasihu da Yahaya da Yunusa. Amma shekara arba'in da bakwai ta isa suna ya yi saiwa. Iyaye sun riga sun raɗa wa 'ya'yansu Yohanna, tsofaffi sun haddace ayoyi da tsohuwar fassara, da yawansu kuwa ba su yarda sun sake ta ba. Har wa yau akwai masu ganin kusantar kalmomin maƙwabci hikima ce, akwai masu ganin sakaci ne da abin da aka gada.

Inda littafin ya fi rauni shi ne wajen isa ga mutanen birni. An buga shi da boko, alhali malaman Madabo da almajiransu da ajami suke karatu, boko kuwa a wancan zamani abin tuhuma ne gare su. An buga waɗansu sassa da ajami, amma cikakken littafin na boko ne. Haruffa masu ƙugiya ma ba su zauna ba tukuna sa'ad da aka buga shi, saboda haka wanda ya koyi karatu a ajin Yaƙi da Jahilci yakan yi tuntuɓe a rubutunsa. Ban da wannan, jimlolinsa da yawa sun bi sawun harsunan da aka fassaro daga gare su, har Bahaushe ya ji kalmomin nasa ne amma tafiyar ba tasa ba ce. Gwamnatin Turawa kuma ta hana 'yan Mishan wa'azi cikin ganuwa, don alkawarin da ta yi wa sarakuna. Majami'u suka tsaya a Sabon Gari, asibitin ido na S.I.M. da aka buɗe cikin 1943 shi ma a waje yake. Da haka wata irin Hausa ta tashi, wadda ake ji a majami'a, mai kalmomi irin su bishara da ikilisiya da baftisma, wadda Bakano yake ganewa amma ba ya yi.

Maganar mata ita ce ta fi ban sha'awa, gama a nan harshen Hausa da kansa ya sa hannu cikin aikin. Bature yana da kalma ɗaya ta kiran wanda yake magana da shi, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko taro. Bahaushe ba shi da wannan sauƙi. Tilas ya ce kai ko ke ko ku, tilas ya ce ka yi ko ki yi ko ku yi. Saboda haka duk inda doka ta zo cikin littafin, sai mai fassara ya yanke shawara da wa ake magana. In ya sa ka, mace mai karatu ta ji kamar da mijinta ake. In ya sa ku, ya shigar da ita, amma ya sassauta kaifin maganar da aka nufi mutum ɗaya da ita. A wani wurin kuma Hausa ta fi Turanci sauƙi. A ƙasashen Turai da Amurka an yi shekaru ana gardama a kan kalmar da manzo Bulus yake kiran masu bi da ita cikin wasiƙunsa, ko maza kaɗai take nufi ko har da mata. Hausa ta ce 'yan'uwa, ta tara maza da mata cikin kalma guda, ta kuma jingina su duka ga uwa.

Haka kuma labaran gidajen aure. Labarin Saratu da Hajaratu, da na Rahila da Lai'atu, da na Hannatu da abokiyar zamanta, Baturiya sai an yi mata dogon bayani. Matar Hausa kuwa kalmar kishiya kaɗai ta ishe ta. A nan 'yan Mishan suka shiga tsaka mai wuya, don littafin da suka miƙa wa mutane yana ba da labarin magabata masu mata da yawa, su kuwa suna hana baftisma ga mai mata biyu. Taron bishop bishop na Angilikan a Lambeth ya tsai da wannan hani cikin 1888, bai sassauta shi ba sai 1988, bisa sharuɗɗa. Wadda ta fi shan wahalar hanin ita ce matar da aka saka, ta fita da 'ya'ya ba ta yi laifin kome ba. Batun naɗa mata limancin majami'a ma bai mutu ba. Katolika da Angilikan na Nijeriya da E.C.W.A. ba sa yi, waɗansu ɗarikoki suna yi, kowane ɓangare kuwa daga littafin nan yake ciro hujjarsa.

Amma mata ba su zauna jiran a gama gardama ba. Kusan kowace ikilisiya mai amfani da Hausa tana da Zumuntar Mata. Suna sa zane iri ɗaya, suna gaida marasa lafiya, suna zuwa suna da biki da gidan makoki, gama zumunta a ƙafa take. Waƙoƙin da Turawa suka fassara cikin Littafin Waƙoƙi suna biye da muryar Turai, wadda sau da yawa takan karya hawa da saukar kalmar Hausa. Matan sai suka ɗauki labaran littafin suka yi nasu waƙoƙin, ɗaya na bayarwa saura na amshi, da kiɗan tulu da caki, kusa da yadda matan birni suke yi da shantu da ƙwarya. Abin da masu fassara suka kasa, watau sa maganar ta yi tafiyar Hausa, a bakin waɗannan mata ya samu, da yawansu kuwa saboda littafin nan suka koyi karatu.

To, hukuncin da ya dace da fassarar 1932 shi ne, ta yi ƙarfi wajen tara baƙin harsuna a kan Hausa guda, ta yi rauni wajen jimla da rubutu da sunaye. Mai son juya wani littafi da Hausa, na addini ne ko na noma ko na kiwon lafiya, ya kamata ya karanta aikinsa a gaban tsofaffin unguwa, maza da mata, kafin ya kai shi maɗaba'a, ya gyara duk inda suka ce a maimaita musu.