Noma a cikin gilashi

Shekara uku ke nan da na dawo daga Kano da wani ƙoƙon gilashi a kan cinyata, an ɗaure bakinsa da leda, jajayen kifaye uku na yawo a ciki. Tun daga tasha har Malumfashi ban yarda na ajiye shi ba, duk ramin da direba ya faɗa sai in tallabe shi kamar jinjiri. Mai shagon ya haɗa mini da furen roba, da tsakuwa mai launin alewa, da ɗan gwangwanin abinci, ya ce in riƙa canza ruwa idan na ga ya yi duhu. Yara suka yi ta tsalle, maƙwabta suka shigo kallo. Ranar kwana na tara na ukun ya bi 'yan'uwansa, muka wayi gari cikinsa yana kallon sama.

Baba ya zo gaishe da jikokinsa ya tarar da ni ina wanke ƙoƙon. Mutum ne da ya yi rayuwarsa tsakanin auduga da masara, bai taɓa kiwon kifi ba. Ya juya furen robar a hannunsa, ya ce, "Malam, me ka shuka musu a ciki?" Na ce ai ba a shuka komai, ado ne. Ya ce, "To ai ruwa ba ya tsami banza," ya ci gaba da jan carbinsa.

Tun daga lokacin nake lura da wannan yayi. Yanzu za ka ga akwatin kifi na gilashi a kemis, a shagon aski, a falon mai kuɗi, har na ga an sa shi cikin jeren amarya. Bidiyon TikTok da Facebook sun ƙara wa abin kasuwa. Ni ba na ƙin yayin, domin kuwa har gobe ina ciki. Abin da nake ƙi shi ne mun ɗauke shi a matsayin kayan ɗaki, ɗan'uwan labule da agogon bango, alhali kuwa gona ce. Kuma idan akwai mutanen da bai kamata su yi wannan kuskure ba, to mu ne, 'ya'yan ƙasar Malumfashi da Funtua da Bakori da Ƙafur, waɗanda tun muna yara muka san ba a zuba iri sai an gyara ƙasa.

Abin da ya kashe kifayena ba maita ba ce. Kifi yana fitar da amoniya ta kashinsa da kuma ta gaɓar numfashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama. A dam ko a rafi ruwa yana da yawa, ga ciyayi, ga taɓo. A ɗan ƙoƙo kuwa kifin yana iyo ne a cikin fitsarinsa. Masu ceton sa wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, masu zama a jikin tsakuwa da yashi da soson tace ruwa. Wani rukuni ya mayar da amoniya sinadarin naitirait, wanda shi ma guba ne, wani rukunin ya mayar da shi naitiret, mai sauƙin illa, shuka kuma ta sha ta yi girma. Kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu a sabon akwati ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Ni kuwa duk bayan kwana biyu sai in juye ruwan gaba ɗaya, in wanke tsakuwar da omo don tsafta. Ashe ma'aikatan gonar nake kora kullum. Ga shi kuma jan kifin nan da ake kira kifin zinare, wanda asalinsa daga ƙasar Sin yake, mai ci ne mai yawan kashi, yana iya kai tsawon tafin hannu ko fiye, kuma ya fi son ruwa mai sanyi. Ba kifin ƙoƙo ba ne sam.

Mutumin da ya fi kowa sauya wannan sana'a a duniya ɗan Japan ne, Takashi Amano, wanda aka haifa a 1954 ya rasu a 2015. Ɗan tseren keke ne kuma mai ɗaukar hoton dazuzzuka. Ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, ya koya wa mutane su fara da ƙasa da duwatsu da itace da shuka, kifi ya zo daga ƙarshe. Gasar tsara akwatin shuka da kamfaninsa ya fara a 2001 tana samun masu shiga daga ƙasashe da dama kowace shekara. Aikinsa na ƙarshe ya yi shi ne a birnin Lisbon na Fotugal, akwati mai tsawon mita 40 da ke cin lita 160,000 ta ruwa. Hotunan irin aikinsa ne matasanmu ke gani a waya su ruɗe. Sai dai salon Amano yana son fitila mai ƙarfi, da tukunyar iskar kabon, da wutar lantarki da ba ta ƙiftawa. Wanda ya ce zai kwaikwaye shi a garin da wuta ke zuwa kamar baƙon da bai yi sallama ba, zai noma gansakuka ne kawai.

Hanyar da ta dace da mu ita ce wadda wata Ba'amurkiya, Diana Walstad, ta yi bayani a littafinta na 1999: ƙasa ta gaske a ƙasan akwati, a rufe ta da yashi ko tsakuwa, a cika shuka, a sa kifi kaɗan. Shuka ta tace ruwa, kashin kifi ya zama taki. Da na karanta wa Baba wannan, dariya ya yi, ya ce ai abin da Bafulatani da manomi ke yi ke nan bayan girbi, shanu su ci kara su bar wa gona taki.

Akwatina na yanzu wani mai yankan gilashin taga ne ya haɗa mini, tsawonsa santimita 60, yana cin kusan lita 60, wato jarka biyu da rabi ta 'yan garuwa. Ƙaramin ƙoƙo ya fi babban akwati wahala, domin ruwa kaɗan da wuri yake lalacewa, da wuri yake zafi. Na zuba ƙasa kaurin yatsu biyu, na rufe da yashin rafi wankakke kamar haka. A nan ne manomi zai yi hattara. Kada ka ɗebo ƙasar gonar masara, wadda ta sha yuriya da NPK da maganin ciyawa, domin yuriya amoniya take zama a ruwa. Nemi ƙasar ƙarƙashin itace a inda ba a feshi. Ruwan famfo idan yana da kulorin sai ya kwana biyu a buɗaɗɗen bokiti kafin a zuba. Na dasa shuka sosai tun ranar farko, na sa 'yar fitilar LED da ke aiki da sola, awa bakwai a rana, na ajiye akwatin nesa da taga don rana kai tsaye gansakuka take haifarwa. Sannan na yi abin da ya fi komai wuya, na zauna ina kallon akwati babu kifi har mako biyar. Yara sun yi ta yi mini tsiya wai Abba yana kiwon ruwa.

Da lokaci ya yi na sa ƙananan kifayen gupi shida. Abinci sau ɗaya a rana, iya abin da za su cinye cikin minti biyu. Ranar Asabar in zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan in zuba sabo, tsohon kuma uwargida ta kai wa zogale da tattasanta, waɗanda suka fi kowa cin riba. Yanayinmu yana da nasa hukunci. Yawancin kifayen ado sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28. A watan Afrilu ɗakin kwano yana wuce haka nesa, ruwan zafi kuma ba ya riƙe iska sosai, sai ka ga kifi ya taso sama yana haki. Da hunturu kuwa daren Disamba da Janairu yana sanyaya ruwa, ƙura ta rufe samansa, don haka nake lulluɓe akwatin da tsohon bargo. Wani abin da bidiyon Turawa ba zai gaya maka ba shi ne maganin sauro. Feshin da muke yi wa ɗaki da magariba guba ne ga kifi, ko a rufe akwati ruf, ko a haƙura da gidan sauro.

Abin da ya fi ba ni haushi a wannan yayi shi ne raina namu. Shukar da kusan duk mai akwati a Turai da Asiya ya sani, Anubias barteri, 'yar rafukan dajin kudu maso gabashin Nijeriya ce da Kamaru. An sa mata sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya biyo ayarin wani Bature mai suna Baikie a kogin Kwara ya rasu a Rabba, ƙasar Nupe, a 1859. Ba ta son haske da yawa, ba a ma binne jijiyarta, ɗaure ta ake yi a jikin dutse ko itace. Daga Legas ake fitar da kifayen ado na ruwanmu zuwa ƙasashen waje, irin su kifi mai hancin giwa da kifin malam-buɗe-littafi. Akwai wani ɗan kifi mai jan ɗigo wanda masu kiwo a Turai ke bambanta irinsa da sunayen Makurɗi da Jos. Akwai wani kuma da masana suka raɗa wa sunan kogin Kiyawa na wajen Katagum, mai zama a kududdufin damina, ƙwansa ya jira ruwan baɗi a cikin busasshen taɓo, kamar yadda gaiwa ke yi da kanta. Bature yana biyan kuɗi ya sayi ɗan kududdufinmu, mu kuma muna biyan kuɗi mu sayi furen roba.

Ba ina cewa duk abin da koma ta kamo a dam ɗin Malumfashi ko Mairuwa ko Gwaigwaye ya dace da gilashi ba. Tarwaɗa za ta yi girma ta cinye abokan zama. Karfasa tana tonon ƙasa tana tsinke ganye. Gwando yana da kyan gani amma da dare farauta yake yi. Ɗan ƙaramin kurungu yana zama lafiya idan akwatin yana da faɗi da maɓoya. A wajen shuka, kainuwa tana shan dattin ruwa ƙwarai, saiwarta kuma maɓoyar 'ya'yan kifi ce, sai dai a riƙa rage ta kada ta tare haske. Bado ma yana yi idan ana datse masa ganye. Zama da masunta na rabin yini ya fi bidiyo goma amfani, don su suka san wane kifi ke cin wane.

Sai dai ɗibar ciyawar dam tana da nata haɗari. Mutanen garin nan sun san tsargiya, har a shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtuka ta Liverpool suka yi dogon bincike a kanta a ƙasar Malumfashi. Ƙananan dodon-koɗi na ruwa ne ke ɗauke da ita, kuma a jikin irin waɗannan ciyayi suke maƙalewa. Kada a tura yara su shiga ruwa ɗiba. Abin da aka samo a tsince shi, a wanke, a ware shi a bokiti na wasu makonni kafin ya shiga akwati. Haka kuma abin da ya shiga akwati daga wata ƙasa kada ya fita zuwa rafi. Baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure daga Kudancin Amurka a matsayin ado ta bazu a duniya, ta shigo Nijeriya ta Badagry a 1984, har yau ana fama da ita a hanyoyin ruwa. Kainuwa dashen Allah ce, amma wannan dashen mutum ce.

Wani abokina ya ce mini a wannan zamani na tsadar taki da rashin kwanciyar hankali a ƙauyuka, wa ke da lokacin kifin da ba a ci? Maganarsa tana da nauyi, kuma wanda bai cika tukunyar gidansa ba bai kamata ya cika akwatin kifi ba. Amma Bahaushe bai taɓa rasa abin kiwo don nishaɗi ba, daga tantabara zuwa aku zuwa dokin sallah. Sharaɗin ɗaya ne, kuma malamai sun sha faɗa mana shi a kan matar nan da ta tsare kyanwa ba ci ba sha: rai idan ka tsare shi, haƙƙinsa yana wuyanka. Wanda ke sayen kifi uku duk wata yana zubar da gawa ya fi ni kashe kuɗi, ya kuma fi ni ɗaukar alhaki. Masu sayarwa ma da laifinsu, don kifin da ya mutu da wuri ciniki ne gare su.

Gupin nan shida yanzu ban san adadin jikokinsu ba, na rarraba wa mutum huɗu, kowa da sharaɗin sai na ga shukarsa ta kama tukuna. 'Yata ta aji biyar ita ke auna abinci, kuma ta fahimci yadda kashi ke zama taki tun kafin a koya musu a makaranta. Baba ya zo da ƙaramar sallah, ya ja kujera gaban akwatin ya daɗe yana kallo. Ya nuna wani lungu da ganye ya cunkushe, ya ce, "Wannan wajen yana son a yi masa tsuge." Na ɗauko almakashi na miƙa masa.