Sabon Gari: Sunan da Ya Ƙi Tsufa

Sabon Garin Zariya ya haura shekara ɗari, amma har gobe sabo ne a bakin jama'a, domin baƙunta sunan yake nunawa, ba ƙarancin shekaru ba. Da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai akawuna da leburori da 'yan kasuwa, galibi Yarbawa da Ibo, suka biyo jirgi. Turawa ba su so waɗannan mutane su zauna cikin ganuwa ƙarƙashin Sarkin Zazzau da alƙalinsa ba, sai suka yanka musu fili kusa da tasha, dokar garuruwa ta 1917 kuma ta ƙara tabbatar da wannan rabuwa. Baƙi Musulmi 'yan Arewa kuwa aka nufe su da Tudun Wada. Ke nan tun farko sunan shinge ne tsakanin ɗan gari da wanda ya zo cin arziki.

Babbar hujja tana Kudu. A Ibadan, inda aka keɓe wa Hausawa unguwa a 1916, Yarbawa sun yar da "gari" sun riƙe "Sabo", kuma a kunnensu kalmar na nufin wurin fataken goro da shanu, mai Sarkin Hausawa da masallacin Juma'a. Haka take a Shagamu da Ile-Ife. Kalma ɗaya ce ta Hausa, amma a Zariya Bayarabe take nunawa, a Ibadan kuwa Bahaushe. Wanda ya riga zama shi ke raɗa wa na baya suna, ko da da aron harshen baƙon ne. A Gana ma "zango", masaukin ayari, ya koma sunan unguwar baƙi Musulmi, har Accra tana da Sabon Zango.

Wani zai ce ai Bahaushe ya san irin wannan suna kafin Bature, ga Sabon Birnin Gobir, ga ƙauyuka barkatai masu suna Sabon Gida. Gaskiya ne, amma waɗancan 'yan ƙasa ne suka tashi suka sake mazauni, ba wanda ya ware su saboda asali ko addini. Kuma in shekaru ake dubawa, Samaru ta Zariya ta fi cancantar sunan, tunda bunƙasarta ta biyo bayan tashar binciken aikin gona ta 1922 da Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962. Ta tara kowace ƙabila, ba a taɓa ce mata sabuwa ba, domin ilimi ne ya tara mutanenta, ba dokar wariya ba. Yau Hausawa sun cika Sabon Gari maƙil, kuma Samaru kanta tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar da ke ɗauke da wannan suna.