Kirari Ko Tarihi? Sharhi Kan Yadda Aka Rubuta Rayuwar Kaftin James Lawrence

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna rubuta tarihin jarumin da ya faɗi a fagen fama, hanya biyu ce a gabansa: ko ya zama maroƙi, ko ya zama alƙali. Wannan ɗan sharhi zai duba yadda marubutan Amurka suka yi da rayuwar Kaftin James Lawrence, ɗaya daga cikin hafsoshin farko na rundunar mayaƙan ruwa ta ƙasarsu. Abin da muke so mu nuna shi ne, magana ɗaya da ya yi a bakin ajali ta lulluɓe kuskurensa, har alhaki ya koma kan waɗansu.

Taƙaitaccen tarihinsa

An haifi Lawrence a garin Burlington cikin 1781, ya shiga aikin sojan ruwa a 1798. A 1804 shi ne mataimakin Stephen Decatur a daren da suka saci jiki cikin tashar jiragen Turabulus, birnin da fataken Kano da Damagaram suka sani, suka ƙone jirgin Philadelphia wanda mutanen birnin suka ƙwace daga hannun Amurka. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Ingila a 1812, yana shugabancin jirgin Hornet, wanda ya nutsar da jirgin Ingila Peacock a Fabrairun 1813. Cikin watan Mayu aka ba shi babban jirgin yaƙi Chesapeake. Ranar 1 ga Yuni ya fito daga Boston ya kara da jirgin Shannon. Faɗan bai wuce minti 15 ba. Fiye da mutum 200 aka kashe ko aka raunata a jiragen biyu, Ingilishi suka kame Chesapeake. Lokacin da ake sauka da Lawrence cikin jirgi jina-jina, ya gargaɗi mutanensa kada su ba da jirgin. Ya cika ranar 4 ga Yuni, yana da shekara 31.

Salon yabo

A shekarar nan Washington Irving ya buga tarihin Lawrence a mujallar Analectic. Jigon rubutun yabo ne, kuma akwai abin yabawa: hafsoshin Peacock da kansu sun gode wa Lawrence a fili saboda kyautatawar da ya yi musu bayan ya ci su, Ingilishi kuma sun binne shi a Halifax da girmamawar soja. Aibin wannan salo yana wajen bayanin dalilin faɗuwa. Marubutan farko sun jingina ta ga rashin sa'a, da ƙorafin ma'aikatan jirgi kan kuɗin ganima, da tsoron mai busa ƙaho. Kowa ya sami kasonsa na laifi, ban da shugaba. Haka kirari yake. Ba ya ƙarya da gangan, zaɓe yake yi.

Abin da aka tsallake

Sai a 1882 Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya shugabanci Amurka, ya fito da littafinsa kan yaƙin ruwa na 1812, inda ya auna ɓangarorin biyu da mudu ɗaya. Wanda ya bi wannan hanya zai ga abubuwa uku. Na farko, Philip Broke, kaftin ɗin Shannon, yana riƙe da jirginsa tun 1806. Shekara bakwai yana horar da masu harba igwa. Lawrence kuwa bai cika wata guda a nasa ba, kuma da yawa daga hafsoshinsa sababbi ne a matsayinsu. Na biyu, umurnin da aka ba shi shi ne ya tare jiragen da ke kai wa sojan Ingila guzuri a Kanada. Shi ya zaɓi fito-na-fito. Na uku, ya sami damar ratsawa ta bayan Shannon ya yi mata ruwan wuta inda ba ta iya ramawa sosai, amma ya gwammace ya zo gefe da gefe. Jaruntaka ce, sai dai an biya kuɗinta da rayukan waɗanda ba a yi shawara da su ba.

Wanda ya ɗauki kaya

Tun da an keɓe shugaba daga zargi, dole a nemi wanda za a ɗora wa. A 1814 kotun soja ta kori Laftanan William Cox daga aiki saboda barin wurin tsayuwarsa, alhali ya sauka ne yana taimakon ɗaukar Lawrence. Mai busa ƙahon, William Brown, baƙar fata, aka yanke masa bulala. Sai a 1952, bayan shekara 138, majalisar dokokin Amurka da Shugaba Truman suka maido wa Cox muƙaminsa, yana cikin kabari.

Ita kuwa maganar Lawrence, abokinsa Oliver Perry ya sa an ɗinka ta a tuta, ya shiga da ita yaƙin tafkin Erie ranar 10 ga Satumba 1813, cikin jirgin da aka raɗa wa sunan Lawrence. Da jirgin ya ragargaje, Perry ya bar shi, ya koma jirgin Niagara da tutarsa, a can ya ci nasara. Ashe barin jirgi ne ya ceci taken da ya hana barin jirgi. Chesapeake kuma, katakonta aka gina gidan niƙa da shi a ƙauyen Wickham na Ingila a 1820.

Kammalawa

Ba mu ce a tuɓe wa Lawrence rawaninsa ba. Gadonsa na gaskiya ne: garuruwa da jiragen yaƙi sun ci sunansa, maganarsa ta zama take ga mayaƙan ruwan ƙasarsa. Amma rubutun da ya tsaya ga kalmar ƙarshe ya bar mai karatu da rabin mutum. Manazarcin da ya tarar da tarihin jarumi wanda ba shi da kuskure ko ɗaya, ya kamata ya tambaya: ina aka kai kuskuren, wa kuma aka ɗora wa?