Wa Ake Buƙata a Runduna? Sharhi kan Rabon Aiki a World of Warcraft

Masu nazarin wasan kwaikwayo sun daɗe da sanin cewa abin da tauraro ya rasa shi ke jawo sauran taurari cikin labari. Da a ce jarumi ya iya komai, da marubuci bai wahalar da kansa wajen ƙirƙiro masa aboki ko mashawarci ba. Da wannan ido nake so in dubi wani wasan kwamfuta, World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a shekarar 2004, in kuma auna yadda maginansa suka raba aiki tsakanin 'yan wasa.

A cikin wasan, kowa yana zaɓen sana'a guda: barde, firist, masihirci, maharbi, matsafi, shaman, faladin da sauransu. Babban al'amari shi ne samame, inda a farkon wasan mutum arba'in ke haɗuwa ta intanet su afka wa wani dodo. Aikin ya kasu uku. Akwai garkuwa, mai tare dukan dodo da jikinsa. Akwai masu magani, da ke hana shi faɗuwa. Sai masu sara, waɗanda ke rage wa dodon rai. Tambayar da ta hana maginan wasan barci shekara ashirin ita ce: ta wace hanya za a sa kowace sana'a ta zama abin buƙata ba tare da an bar wani a bakin ƙofa ba?

Ra'ayina shi ne buƙata iri biyu ce, kuma ba a cika bambance su ba. Akwai wadda ake gani da ido a fagen daga, akwai wadda ke ɓoye cikin lissafi. Ta farko ita ce ta cancanci yabo.

A kogon Molten Core akwai dodo mai suna Garr, kewaye da dogarai takwas na dutse. Matsafa ne ke da ikon ɗaure irin waɗannan halittu su tsaya cik, don haka kafin a fara sai jagora ya nuna wa kowane matsafi nasa. Idan ɗaya ya yi sakaci ɗaurin ya kwance, kowa zai ga dogarin ya nufi masu magani. Haka Magmadar, ƙaton kare mai kai biyu: in ya haukace, kibiyar maharbi ce kaɗai ke kwantar da shi. Mafi armashi a wurina shi ne Razuvious na Naxxramas, a 2006. Dukansa ya fi ƙarfin kowane barde, sai aka tsara cewa firistoci su mallake hankalin almajiransa, su sa su tare malaminsu. Firist, wanda ya saba raɓewa a baya yana ɗinke raunin wasu, ya wayi gari ran mutum talatin da tara na hannunsa. Wannan rubutu ne mai kyau. An ba ƙaramin tauraro fitowarsa, an kuma sa kurensa da gwanintarsa a idon jama'a.

Ba zan ɓoye tsadar wannan salo ba. A Naxxramas ɗin dai, faɗa da Mahaya Huɗu yana neman garkuwa takwas masu cikakken shiri, alhali yawancin ƙungiyoyi ba su tanadi haka ba. Sai manyan ƙungiyoyi suka shiga zawarcin baraden ƙanana, wasu ƙananan suka watse. Laifin a nan na adadi ne, an wuce gona da iri. Tunanin kansa lafiyayye ne.

Buƙata ta biyu ta nuna fuskarta sosai bayan fitowar Burning Crusade a 2007, lokacin da aka rage runduna zuwa mutum ashirin da biyar. Rundunar ta kasu gida-gida, mutum biyar a kowane, kuma yawancin tagomashin da wata sana'a ke bayarwa ba ya wuce gidanta. Shaman yana da Bloodlust, wanda ke ƙara wa 'yan gidansa sauri da kashi 30 cikin ɗari na tsawon daƙiƙa 40. Da aka kai Sunwell a 2008, jagorori sun gano dabara: a tara shaman da yawa, a riƙa sauya su cikin gidan manyan masu sara, wannan ya saki nasa ya fita, wancan ya shigo. Ba a tambayar shaman ko ya iya. Ana tambayar ko ya zo.

Na ɗanɗani wannan da kaina lokacin da aka sake fitar da Burning Crusade a 2021. Firist na inuwa nake bugawa, wanda kashi 5 cikin ɗari na ɓarnar da ya yi ke komawa ƙarfin tsafi ga 'yan gidansa. Wata ƙungiya ta karɓe ni hannu bibbiyu tun kafin ta ga wasana, har na fara jin kaina. Wani dare wuta ta ɗauke mini ana tsakiyar samame. Da na dawo na tarar an sa wani firist a gurbina, an kashe dodon, babu wanda ya lura da bambanci. Ashe tulu ne ni, ruwan ciki ake so. Ban ga laifin jagoran ba, lissafi ya bi.

A ƙarshen 2008, da zuwan Wrath of the Lich King, maginan suka yi gyara bisa manufar da aka fi dangantawa da Greg Street, wato a ɗauki mutum don iyawarsa, a daina duban sana'arsa. Tagomashi ya game runduna duka, aka kuma raba iri ɗaya ga sana'o'i da dama. Abin da firist na inuwa ke yi, faladin da maharbi ma suka samu. A 2010 masihirci ya sami kwatankwacin Bloodlust. Adalci ne, kuma wanda ya taɓa kwana a benci saboda sana'arsa ba zai raina shi ba. Sai dai wuƙar ta yanke har da nama mai kyau. Tsoron kada a tilasta wa ƙungiya neman wata sana'a ya sa faɗa irin na Garr ya yi ƙaranci, har Razuvious da aka maido a ƙaramin samame na mutum goma aka girke masa na'urar da kowa zai iya mallake almajiran da ita. Fitowar da aka rubuta wa firist ta zama ta duk wanda ya fi kusa da maɓalli.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda aka zaɓa a maido da aka ji wasan ya yi lami. Bayan an share yawancin tagomashin runduna a 2016, a 2018 aka dawo da wasu: masihirci ya ƙara basira, firist ya ƙara juriya, barde ya yi kururuwa. A samame mafi wuya, mai mutum ashirin, wannan ya zama jerin kujerun da aka riga aka rubuta wa suna. Wato an farfaɗo da buƙatar lissafi, wadda ita ce mai rauni tun asali. Danna maɓalli guda kafin a fara faɗa ba ya nuna halin kowa.

A watan Yulin 2023 aka kai wannan hanya maƙura da reshen Augmentation na sana'ar Evoker, wanda kusan duk aikinsa ƙara wa wasu ƙarfi ne. Nan take manyan ƙungiyoyin mutum biyar suka ware masa kujera, sauran masu sara suka koma kokawa kan guraben da suka rage. Ma'aunin ɓarna da 'yan wasa ke kallo a gefen allo kuwa bai iya nuna gudummawarsa daidai ba, domin tana narkewa cikin alƙaluman abokansa. Na buga da irinsu da yawa a watannin nan, gwanaye da 'yan koyo, kuma sau da dama sai bayan an tashi, an buɗe kundin faɗan a intanet, nake sanin wanne ne na yi tafiya da shi.